Waya ce ta canza mu ko mu muka canza ta? Amsa ga admin ɗin guruf ɗin unguwa

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya saka da alheri. Ka ce kun kwana biyu kuna gardama a majalisarku a Unguwar Dosa, wasu na cewa wayar hannu da soshiyal midiya su suka kashe zumunci suka ɓata tarbiyya suke kuma hura wutar rigima, wasu na cewa a'a waya roba ce da gilashi ba ruwanta, mutum ne dai da halinsa. Kai kuma da yake kai ne admin na guruf ɗin unguwa a WhatsApp abun ya ishe ka har kana tunanin rufe shi kowa ya huta. To zan faɗa maka abinda na fahimta, na yi aiki a ɗakin labarai na gidan rediyo kafin na koma aji ina koyar da harkar sadarwa, kuma duk a garin nan na Kaduna na yi su.

Bari na fara da masu ɗora wa waya laifi don su suka fi yawa a kowace majalisa. Ka tambaye su, rikicin da aka yi a Kaduna a watan Fabrairun 2000 da wace waya aka yi shi? Lokacin babu GSM sam. Sai a Janairun 2001 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa NCC ta yi gwanjon lasisi kowane kamfani ya biya dala miliyan 285, kuma sai a watan Agusta na shekarar MTN da Econet suka fara sayar wa jama'a layi. Kafin nan layukan kamfanin wayar gwamnati NITEL na ƙasar nan gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, a unguwa guda sai ka samu gida ɗaya ko biyu ne ke da wayar girke, amma duk da haka jita-jita ta zagaye garin nan cikin awoyi kaɗan, a baki, a kan acaɓa, a tasha, aka yi asarar rayukan da har yau wasu gidajen ba su warke ba. Bayan wannan rikicin da na 2002 ne mutane suka riƙa kwashe kayansu, Musulmi suka yi arewacin kogin Kaduna irin su Tudun Wada da Rigasa da Kawo da Badarawa, Kirista suka yi kudu, Sabon Tasha, Television, Narayi, Romi. Waya ta shigo ne ta tarar gari yana tsagewa gida biyu.

Ga wani abu da ba a cika haɗa shi da maganar waya ba amma ni a wurina yana tsakiyar maganar, wato masaƙun Kakuri. Masaƙar Kaduna Textiles wato KTL da aka buɗe tun 1957, da UNTL da Arewa Textiles da sauransu, sun ɗauki dubban ma'aikata daga kowace ƙabila da addini, Bahaushe ya wuni kan inji ɗaya da Bajju ko Tibi ko Bayarabe, su ci abinci wurin mai tuwo ɗaya, ƙungiyar ƙwadagonsu ɗaya. In aka ce an yi kaza a Kudancin Kaduna, gobe da safe akwai wanda zaka kalla ido da ido ka ce masa wai gaskiya ne abinda nake ji daga garinku? KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, daidai shekarun da waya ke shiga aljihun kowa. To lambar wa zaka ajiye a wayarka in ba ta wanda kake zaune da shi ba? Dan Allah ka buɗe taka yanzu ka duba, lambobi nawa ne na mutanen tsallaken kogi waɗanda zaka iya kira da dare ku yi magana tsakani da Allah. Guruf-guruf ɗinmu ma haka suke, in abu ya faru a Kajuru ko Zangon Kataf labari biyu ne ke yawo, ɗaya a guruf ɗin can ɗaya a na nan, kowanne da hotunansa da nasa lissafin gawarwakin, kuma da wuya su haɗu a waya ɗaya. Wannan rabuwar mu muka zuba ta a cikin waya da hannunmu.

Kuma mun lanƙwasa wayar ta wasu hanyoyin da ni suna burge ni. Lokacin da layi ke kai N20,000 ko fiye, kira kuma N50 minti ɗaya ko da sallama kawai ka yi aka katse, talaka bai tsaya kallo ba, sai ga masu lema da teburi a bakin titi ana bin layi ana kira ana biya, sai ga filashin, in na yi maka ɗaya na iso lafiya, in na yi biyu ka kira ni. Babu injiniyan da ya zauna ya tsara wannan, rashin kuɗi ne da dabara. Da Glo ta zo a 2003 da cajin daƙiƙa-daƙiƙa dole sauran suka bi. Kamfanin Transsion na China mai yin Tecno da Itel da Infinix shi kuma ya lura mutane na yawo da waya biyu uku don sabis ɗin wannan ya fi ƙarfi a ƙauye na wancan ya fi arha da dare, ga wuta bata zama, sai ya yi waya mai sim biyu da batir mai ɗaukan kwanaki, ya gyara kyamara ta riƙa fitar da baƙar fata da kyau, ya saka Hausa cikin yarukan wayar. Da haka suka zama kan gaba a kasuwar waya a Afirka, ka ratsa shagunan Ahmadu Bello Way zaka gani da idonka. Halinmu da rashin wutarmu ne suka je har China suka canza yadda ake ƙera waya.

Saƙon murya kuwa, da WhatsApp ya kawo shi a 2013 kamar don mu aka yi. Mu mutanen baki ne da kunne. Iyayenmu mata da basu yi boko ba, waɗanda tes ya bari a baya, yanzu su ne suka fi kowa aiki da shi, kuma ka saurari yadda suke yi, sai an yi ina kwana ina gajiya ya yara ya mai jiki ya ruwa, an cika gaisuwa tsaf kafin a shiga magana. Yarinyar da aka kai aure Legas ko Saudiyya tana jin muryar mahaifiyarta kullum, a da sai an samu mai tafiya a ba shi wasiƙa ko kaset. Sada zumunci ta na'ura ma ai ba yau muka fara ba, gidan rediyon Kaduna tun 1962 yake, an sha aika katin zaɓe ana gaida 'yan uwa da abokan arziƙi. Haka karatu, tafsirin Sheikh Abubakar Gumi daga masallacin Sultan Bello da na Sheikh Dahiru Bauchi ta rediyo suka shiga gidaje, daga nan aka koma kaset, aka koma memori, yanzu ga shi a YouTube, kuma raddi tsakanin malamai tun zamanin kaset ana yinsa. Sai dai masu kukan zumunci suna da tasu gaskiyar, an ce zumunci a ƙafa yake, yau kuwa maƙwabcinka na layi ɗaya zai rasu wani ya ɗora hotonsa a sitatus da Allah ya jiƙansa ya ga kamar ya sauke nauyi, bai je jana'iza ba bai zauna zaman makoki ba. Wannan kam abun takaici ne kuma ina ganinsa yana ƙaruwa.

Maganar kuɗi ba sai na ja ta ba don kai ma ka gani. Da aka canza fasalin naira kuɗi suka ɓace a farkon 2023, har jihar Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, mai shayi da mai kayan miya a Kasuwar Barci da suka rantse ba za su taɓa karɓar tiransifa ba sai ga lambar OPay ko Moniepoint an manna a kwali, manhajojin suna nan tun kafin lokacin, wahala ce ta tura mutane. Matan aure da basa fita suna sayar da atamfa da turaren wuta da dambun nama daga ɗaki, alat ya shigo a ba ɗan aike, wasu ma abun ya hutar da su ɗora wa yarinya talla. Marubutan littattafan Hausa da kasuwar bugawa ta mutu musu sun koma sakin labari shafi-shafi a guruf ɗin da sai ka biya zaka shiga.

To yanzu ga inda masu cewa waya ba ruwanta suka yi kuskure, kuma kuskuren babba ne. Facebook da TikTok da YouTube da Instagram ba kyauta suke maka aiki ba, da talla suke cin abinci, kuma talla na biya ne gwargwadon lokacin da ka ɓata kana kallo. Saboda haka akwai wani lissafi a cikin manhajar da ke lura da inda ka tsaya da inda ka wuce da abinda ka maimaita, shi ke zaɓa maka abinda zaka gani na gaba, kai kana zaton kai ka zaɓa. Me ke tsayar da ɗan Adam? Abun fushi, abun tsoro, tonon asiri, tsiraici. Kamar ɗan kamasho ne a tashar Kawo, shi dai mota ta cika ya karɓi nasa, ba ruwansa da lafiyar birki ko inda za a kwana. Malam zai yi karatu na awa guda cikin natsuwa mutum ɗari biyu su kalla, wani ya yanko wurin da ya ɗaga murya ya kama sunan wani malamin, wannan guntun shi zai zagaye Arewa kafin la'asar. A hankali masu magana su ma sai su gane me ke tafiya su fara yin irinsa, malami da ɗan siyasa da ɗan barkwanci da yarinyar da ke neman mabiya, ga kuma 'yan data da 'yan siyasa ke ɗauka haya su zagi wanda aka nuna musu. Kaga nan na'urar ce ke koya wa mutane hali, bata tsaya a ɗaukar wanda ta tarar ba.

Sannan ta cire wasu abubuwa da a da suke taka wa magana birki. A ɗakin labarai in ka kawo labarin an kashe mutane, edita zai tsare ka, wa ya faɗa maka, ka je wurin, ka ji ta bakin 'yan sanda, ka ji ɗaya ɓangaren, wani lokacin ma ya ce a jira zuwa gobe don gari da zafi. Wannan jiran shi kansa magani ne. A majalisa kuma in ka kawo ƙarya akwai dattijon da zai kalle ka ya ce kai yaro a ina ka ji, kunya ta kama ka gobe ka kiyaye. A waya babu jira babu fuska. Ka tuna daren da aka tashi mutane a watan Agustan 2014 wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha saboda Ebola, kafin asuba saƙon ya gama ƙasar nan, mutane suka kwanta asibiti wasu suka rasu. Ka tuna harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, wata matashiyar likita da ke cikin jirgin ta rubuta a Twitter cewa an harbe ta a yi mata addu'a, wasu suka bi ta da ba'a suna ƙaryata ta, ashe tana gab da cikawa ne. Wallahi da a gabansu take kwance babu wanda bakinsa zai iya furta wannan maganar. Har yau in na tuna abun yana min ciwo.

Kamfanonin kuma basu ɗauke mu da muhimmancin da ya kamata ba. Binciken da BBC ta yi a 2018 kan hotunan ƙarya da aka yaɗa a Facebook lokacin rikicin Filato ya nuna cewa masu tantance labari na cikakken lokaci da aka ware wa Najeriya mutum 4 ne, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu. Mutum zai yi tunzuri da Hausa ko da habaici wanda kowane Bahaushe ya san me ake nufi, na'urarsu bata gane komai ba.

Amma abinda ya fi shafar guruf ɗinka shi ne wannan, ka riƙe shi da kyau. Mu bama auna labari da inda ya fito, da wanda ya kawo shi muke aunawa. A WhatsApp kuwa duk ƙaryar da wani ya ƙirƙira a inda baka sani ba, tana iso maka ne da sunan yayarka ko limaminku ko abokin mahaifinka a samanta. Sai ka ji an ce ai Hajiya ce ta turo, ai daga guruf ɗin masallaci ne, alhali Hajiya ita ma tura mata aka yi ta tura don tana tsoron kada wani abu ya same ku. Ga kuma kunya da girmama na gaba, waɗanda kyawawan halaye ne, amma su ke hana yaro ya ce Baba wannan hoton fa tsoho ne daga wata ƙasa, sai kowa ya yi shiru ƙarya ta wuce a matsayin gaskiya. A nan tsarin manhajar da tarbiyyarmu suka haɗu suka haifi abinda ɗayansu shi kaɗai ba zai haifa ba. Kamfanin WhatsApp kansa baya iya karanta saƙonnin don a kulle suke tsakanin mai turawa da mai karɓa, shi ya sa bayan kashe-kashen da jita-jita ta jawo a Indiya abinda suka iya yi shi ne rage yawan turawa, a Janairun 2019 suka mayar da shi wuri 5 a lokaci guda a duk duniya, a Afrilun 2020 lokacin korona saƙon da aka riga aka yi ta turawa suka mayar da shi wuri 1.

Duk da wannan ni bana fatan a koma zamanin da. A da wa ke da bakin magana? Mai mulki, mai kuɗi, babban malami, da wanda edita ya ga dama. Yau mutumin ƙauyen Birnin Gwari zai ɗauki hoton abinda aka yi musu ya saka, hukuma bata isa ta ce bata sani ba. A 2019 'yan mata da matan Arewa suka fito da ArewaMeToo suka faɗi cin zarafin da aka daɗe ana binnewa da sunan rufin asiri, an zage su sosai amma maganar bata koma rami ba. Marasa lafiya nawa aka tara wa kuɗin aiki, yara nawa da suka ɓata aka gano a cikin kwana ɗaya? Ƙofar da ta ba maƙaryaci dama ita ta ba wanda aka zalunta, ba zaka iya rufe wa ɗaya ka bar ɗaya ba sai da aiki da haƙuri.

Rufewa gaba ɗaya kuwa an gwada a jihar nan. Masu garkuwa da mutane da waya suke cinikin kuɗin fansa, da ita infoma ke basu labari, shi ya sa daga 30 ga Satumba 2021 gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta sa aka kashe sabis a wasu sassan jihar, bayan Zamfara ta yi haka a farkon watan, sai a ƙarshen Nuwamba aka dawo da shi. Hujjar tana da ƙarfi, amma wa ya fi shan wuya? Mai POS da sana'arsa ta tsaya, mace mai naƙuda da babu yadda za a kira mota, ɗan kasuwar da sai ya yi tafiya mai nisa ya nemo inda ƙarfen sabis ke aiki, da mutanen ƙauyen da aka shigo musu da dare basu da hanyar kiran agaji, kuma harin bai tsaya cak ba. Haka da gwamnatin Buhari ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, masu wayo suka sauke VPN, manhajar da ke zagaye toshewar, suka ci gaba da harkarsu.

Don haka shawarata kada ka rufe guruf ɗin. In ka rufe gobe wani zai buɗe wani, mai yiwuwa wanda bai kai ka hankali ba, kuma mutanen dai su ne. Ka ɗauki kanka a matsayin mai unguwar wannan wurin, ka nemo mutum biyu su taya ka, a samu dattijo da ake jin nauyinsa da matashin da ya san kan waya, in guruf ɗin da mata a ciki a samu mace. Ku rubuta ƙa'ida gajera kuma ku karanta ta da murya don waɗanda basa karatu, ba a saka hoton gawa, ba a kama sunan ƙabila ko addini a jingina musu laifin mutum ɗaya, duk wanda ya kawo labarin hari ko rigima ya faɗi wa ya gani da idonsa, a ina, yaushe, in ya ce shima turo masa aka yi to a goge sai an tabbatar. Hoton da kake shakka ka saka shi a Google Lens, sau da yawa zai nuna maka inda ya fara fitowa da shekarar. Ranar da gari ya ɗau zafi akwai wurin da zaka danna a saitin guruf ya zama admin kaɗai ke iya turawa, ka yi amfani da shi na 'yan awoyi kana saka abinda ka tabbatar kawai, ka kuma gaya wa mutane dalili don kada su ga kamar an toshe musu baki. Ka nemi lambar wani admin ɗin irinka a Narayi ko Sabon Tasha ku saba tun ana zaman lafiya, don ranar da aka turo maka cewa mutanen can suna tahowa ka samu wanda zaka kira ya leƙa titi ya gaya maka abinda yake gani, shima ya kira ka in an turo musu irin haka a kanku.

In babba ne ya turo ƙarya kada ka gyara masa a gaban jama'a, ka kira shi gefe cikin ladabi ka nuna masa, ka roƙe shi ya goge da kansa, yawanci suna yi kuma har godiya zaka sha. Wanda kuma aka yi wa magana sau biyu ya ƙi ji ka cire shi, amma ka taka har ƙofar gidansa ka gaya masa dalili da bakinka, kada ya wayi gari kawai ya ga an fitar da shi.